JARIDAR LARDI BA ABIN RAINI BA CE

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibanmu, musamman waɗanda ke karatun aikin jarida, har ma da wasu daga cikin malamansu. Maganar kuwa ita ce wai jarida hawa-hawa ce. A can sama akwai manyan jaridun babban birni masu tattauna siyasar duniya, a ƙasa kuma akwai jaridar lardi mai ba da labarin gobarar kanti da taron majalisar gari. A cikin jaridar lardin ma, in ji su, babu shafin da ya kai na wasanni ƙasƙanci, domin aikin mai rubuta shi bai wuce ya ƙidaya ƙwallayen da suka shiga raga ba. Ni dai ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma ina ganin ta fito ne daga rashin sanin abin da jarida take yi wa mutanen da take zaune a cikinsu. Don kada in yi ta zuba babu hujja, zan ɗauki lardi guda ɗaya tak, wanda kusan kowane ɗalibi a nan ya san sunan babban birninsa saboda ƙwallo, in nuna abin da ya faru a can.

Lardin da nake nufi shi ne Merseyside, a gaɓar tekun arewa maso yammacin Ingila, inda kogin Mersey yake faɗawa cikin teku. An kafa shi a matsayin lardi a 1974, ya ƙunshi gundumomi 5, watau Libaful da Wirral da Sefton da Knowsley da St Helens, mutanensa kuwa sun kai kimanin miliyan 1.4. Arzikinsa na dā daga tashar jiragen ruwa yake, kuma da harkar tashar ta ja baya, talauci da rashin aikin yi suka yi wa wurin katutu, har mutanen kudancin ƙasar suka riƙa yi wa mutanensa kallon malalata masu son rigima. Ku riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba. A fagen wasa kuwa lardin yana da Everton da aka kafa a 1878, da Libaful ta 1892, da Tranmere Rovers a hayin kogi, da ƙungiyar zari-ruga ta St Helens, da sukuwar dawaki ta Aintree. Jaridunsa manya guda biyu ne a lokacin da nake magana a kai: Daily Post ta safe wadda aka fara bugawa a 1855, da Liverpool Echo ta yamma wadda ta fito a 1879.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 1989, magoya bayan Libaful suka tafi birnin Sheffield don kallon wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA tsakanin ƙungiyarsu da Nottingham Forest, a filin Hillsborough. Ƙofofin shiga na ɓangarensu ba su da yawa, jama'a suka taru a waje. Da ƙarfe 2:52 na rana babban jami'in 'yan sanda mai kula da wasan, David Duckenfield, ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita don a rage cunkoso. Ba a tura kowa ya tare ramin da ke kaiwa ga keji biyu na tsakiya ba, alhali sun riga sun cika maƙil. Mutane suka kwarara ciki, na gaba suka matsu da shingen ƙarfe. Minti 6 da fara wasa aka tsayar da shi. Mutum 94 suka mutu a wannan rana, wani yaro ya cika bayan 'yan kwanaki, wani ya rasu a 1993 bayan shekaru kusan huɗu bai farfaɗo ba, na 97 kuma ya rasu a 2021 sakamakon raunin da ya samu. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ɗan shekara 10 ne.

Tun gawa ba ta yi sanyi ba aka fara ƙarya. Shi Duckenfield ya gaya wa shugabannin hukumar ƙwallo cewa 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofar da ƙarfi, maganar da sai a 2015 ya amsa a gaban kotu cewa ƙarya ce. Ranar Laraba 19 ga Afrilu, jaridar The Sun ta Landan, wadda ta fi kowace jaridar kullum ciniki a ƙasar a lokacin, ta fito da shafin farko ɗauke da babban kanu mai cewa wai ga gaskiyar magana. A ƙarƙashinsa ta ce wasu magoya baya sun yashe aljihun matattu, sun yi wa 'yan sanda fitsari, sun doki ɗan sandan da ke ƙoƙarin ceton rai. Labarin ya biyo ta hannun wani kamfanin dillancin labarai na Sheffield, wanda ya samo shi daga manyan 'yan sanda da wani ɗan majalisa. Editan jaridar, Kelvin MacKenzie, shi ya zaɓi wannan kanu da kansa. Ba The Sun kaɗai ta ɗauki zargin ba, wasu jaridun ma sun buga shi, sai dai ita ce ta cire masa rigar zargi ta sa masa ta gaskiya.

To me jaridar lardin ta yi? Echo ta fito ta ƙalubalanci jaridun Landan da 'yan sandan, ta ce duk mai wannan zargi ya kawo hujjarsa a fili. Ba a kawo ba, kuma har yau ba a kawo ba, domin babu ita. A nan nake son masu raina jaridar lardi su tsaya su yi tunani. Shin ma'aikatan Echo sun fi na Landan ilmi ne, ko sun fi su tsoron Allah? Ban ce haka ba. Bambancin yana wurin zama. Editan da ke Landan zai iya rubuta cewa mutanen Libaful ɓarayin gawa ne, ya tashi ya tafi gida ya yi barcinsa, don ba zai taɓa haɗuwa da uwar yaron da ya mutu ba. Wakilin Echo kuwa shi ne aka aika gida-gida ya karɓo hotunan mamatan, shi ya halarci jana'izarsu, maƙwabcinsa yana cikin kejin, wataƙila shi kansa yana filin a ranar. In ya rubuta ƙarya, gobe zai gamu da ita a motar haya da layin kantin burodi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan kusanci da ake yi wa kallon ƙauyanci shi ne takunkumin da ke hana ɗan jarida yin yadda ya ga dama da mutuncin talaka.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan ɓoye shi ba. Za a ce ai Daily Post, wadda ita ma ta Libaful ce, kuma kamfani ɗaya ne ya mallake su da Echo, ta buga sharhin wani marubucinta kwana uku bayan abin, yana ɗora laifin a kan 'yan tashan da ke cikin magoya baya. Haka ne, an yi. Za a kuma ce ba jarida ce ta ci wannan yaƙi ba, iyalan mamatan ne, irin su Anne Williams da Margaret Aspinall da Trevor Hicks, tare da masana kamar Farfesa Phil Scraton, da wasan talabijin da Jimmy McGovern ya rubuta a 1996, har da wasu 'yan jaridar Landan masu gaskiya. Wannan ma haka ne, kuma duk wanda ya ƙwace wa iyalan nan wannan yabo ya zalunce su. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Jaridar gida da ta yi kuskure dole ta ci gaba da zama cikin mutanen da ta ɓata wa, ta ji fushinsu a ƙofar ofishinta, ta gyara tafiyarta. The Sun kuwa sai a 2004 ta fito da neman gafara a cikakken shafi, shekara 15 bayan ɓarnar, sa'an nan ta sake a 2012 da hujja ta rufe ta ta ko'ina. Mutanen Merseyside suka daina sayenta tun daga 1989, masu kantuna da yawa suka ƙi ajiye ta, a 2017 kuma Libaful da Everton duka suka hana wakilanta shiga filayensu.

Babban abin da jaridar lardi take da shi, wanda ta birni ba ta da shi, shi ne rashin iya barin magana. Jaridar birni baƙuwa ce, tana zuwa ranar da jini ya zuba, ta ɗauki hoto ta koma. Ku dubi tsawon hanyar da aka bi. A watan Agusta 1989 rahoton farko na Mai Shari'a Taylor ya ce babban dalilin bala'in shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa jama'a. Duk da haka a 1991 kotun binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa haɗari ne kawai, bayan mai binciken ya ƙi sauraron shaidar abin da ya faru bayan ƙarfe 3:15. A 2009, wajen taron cika shekara 20 a Anfield, jama'a suka katse wa minista Andy Burnham jawabi da kiran a yi adalci. Daga nan aka kafa kwamiti mai zaman kansa a ƙarƙashin Bishop James Jones, wanda ranar 12 ga Satumba, 2012, ya bayyana cewa an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, 116 daga ciki don a share abin da ke zargin rundunar, kuma mutum 41 suna da yiwuwar tsira da an ba su taimako a kan lokaci. Firayim Minista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. Aka soke hukuncin farko, aka buɗe sabon bincike a Warrington a 2014, aka shafe shekara biyu ana zama, Echo kuwa tana bin zaman tana kawo wa mutanenta abin da shaidu suka faɗa. Ranar 26 ga Afrilu, 2016, masu taimaka wa alƙali suka ce kisa ne ba bisa doka ba, kuma magoya baya ba su da laifi ko na ƙwayar zarra. Kashegari The Sun ba ta sa labarin a shafinta na farko ba, haka ma bugun farko na The Times, 'yar'uwarta a wajen mai gida. Shekara 27 ke nan. Wace jarida ce za ta yi wannan jimiri in ba wadda masu karatunta su ne masu gawar ba?

Yanzu bari in koma kan masu cewa shafin wasanni daban, shafin labarai daban. Ina so su gaya mini a wane shafi za su sa Hillsborough. Wakilan da aka tura a ranar sun tafi ne don su rubuta yadda aka buga ƙwallo, suka dawo da labarin 'yan sanda da asibiti da kotu. Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Da ƙungiyar Libaful ta riƙa sayen gidajen da ke kewaye da Anfield tana barinsu a rufe shekara da shekaru kafin ta faɗaɗa filin a 2016, unguwa ta lalace a kan idon mazaunanta. Wannan labarin wasa ne ko na gidaje? A Fabrairu 2016 dubban 'yan kallo suka fice daga filin a minti na 77 don ƙin tikitin fam 77, masu ƙungiyar suka janye cikin 'yan kwanaki. Wannan wasa ne ko tsadar rayuwa? Everton ta gina sabon fili a tsohuwar tashar jirage ta Bramley-Moore, ta koma cikinsa a 2025, kuma wannan gini yana cikin dalilan da hukumar UNESCO ta bayar a 2021 da ta cire Libaful daga jerin wuraren tarihi na duniya. A watan Mayu 2022, a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Faris, 'yan sandan Faransa suka fesa wa magoya baya barkonon tsohuwa a bakin ƙofa, ministan cikin gida ya ɗora laifin a kan tikitin jabu, sai ga rahoton bincike a 2023 ya ce hukumar UEFA ce ke da babban alhaki. Abin da ya hana wannan ƙarya ta yi shekara 27 irin ta farko, har da cewa akwai wakilan gida a cikin cunkoson, sun kuma san irin waƙar da ake shirin rerawa domin sun taɓa jinta. A lardi irin wannan, wanda ya san filin ƙwallo ya san majalisar gari, ya san 'yan sanda, ya san masu kuɗi.

Sai dai ba na son a ɗauka na zo yi wa Echo kirari ne. Fushina mafi girma yana kan waɗanda suka mallaki irin waɗannan jaridu suka riƙa yankar namansu suna sayarwa. A 2009 aka daina buga Echo a Libaful, aka mai da aikin maɗaba'ar Oldham kusa da Mancesta. Daily Post ta daina fitowa kullum a Janairu 2012, ta koma mako-mako, a Disamba 2013 aka rufe ta bayan shekara 158. Kamfanin da ke da su, Trinity Mirror, wanda ya canja suna zuwa Reach a 2018, ya ba da sanarwar rage ma'aikata 450 a Nuwamba 2023 kaɗai, bayan wasu ragin da ya yi a farkon shekarar. Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Frances Cairncross ta yi wa gwamnati a 2019 ya nuna 'yan jaridar ƙasar sun ragu daga kimanin 23,000 a 2007 zuwa 17,000 cikin shekara goma. Abin ya kai har BBC ce take biyan albashin wasu wakilai tun 2017 don a samu mai zuwa ya zauna a taron majalisun gari.

Masu kamfani za su ce ba laifinsu ba ne, tallar gidaje da motoci da guraben aiki da ke ciyar da jarida ta gudu intanet, Google da Facebook sun kwashe kuɗin. Akwai gaskiya a ciki. Amma maganin da suka zaɓa shi ne abin zargi. Suka mai da ma'aunin labari ya zama yawan waɗanda suka danna shi a waya. To wa ya fi yawa, mazauna Bootle da ke son sanin yadda majalisa ta sayar da filin unguwarsu, ko miliyoyin masoya Libaful da ke Alƙahira da Jakarta da Kano? Amsar a fili take, kuma a nan ne maganar ta iso ɗakunan kwananmu. Duk lokacin da ɗalibi a nan ya danna jita-jitar wai za a sayi wane ko za a sayar da wane, ƙuri'a ya jefa, kuma ƙuri'arsa tana gaya wa edita cewa ya fi riba ya sa yaro ya zauna a kan kwamfuta yana juya jita-jita sau goma a yini, da ya tura shi kotu ko filin Tranmere. Jarida tana nan da sunanta na lardi, amma fuskarta ta juya ga baƙi. Ƙaramar ƙungiyar Marine ta Crosby, da take mataki na 8 a wancan lokacin, duniya ta san da ita rana guda a Janairu 2021 da ta karɓi Tottenham aka ci ta 5 da nema, ta kuma sayar da tikitin goyon baya sama da 30,000 ga mutanen da annobar korona ta hana shiga fili. Kashegari duniya ta tafi. Wanda zai rubuta wasanta na mako mai zuwa, da na yaran makaranta, da na mata, shi ne ainihin ɗan jaridar lardi, kuma shi ne na farko da ake sallama.

In wani yana ganin asarar ba ta wuce sakamakon wasa ba, ya tuna da Southport, garin shaƙatawa na bakin teku a cikin wannan lardi. Ranar 29 ga Yuli, 2024, wani matashi ya kashe 'yan mata ƙanana 3 a ajin rawa. Doka ta hana a faɗi sunansa nan take saboda bai kai shekara 18 ba. Kafin gari ya waye an baza sunan ƙarya a intanet, an ce Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta jirgin ruwa, alhali a Cardiff aka haife shi. Daren 30 ga wata gungun mutane suka afka wa masallacin garin, suka raunata 'yan sanda fiye da 50, tarzoma ta bazu zuwa wasu birane. Ban ce jarida ita kaɗai za ta iya tare wannan ba. Abin da na ce shi ne, ƙarya tana samun wurin zama ne inda babu muryar da mutane suka saba da ita suka kuma amince mata. Da gari ya waye maƙwabta ne suka fito suka share titi suka gyara katangar masallacin, kuma irin wannan labari sai na gida yake tsayawa ya gani. Ga alama hukuma ta ɗauki darasi, domin ranar 26 ga Mayu, 2025, da wani direba ya kutsa da mota cikin masu murnar cin kofin Libaful ya raunata fiye da 130, cikin 'yan sa'o'i 'yan sanda suka bayyana shekarunsa da cewa farar fata ne ɗan ƙasa, don su riga masu ƙarya. Ga shi kuma, bikin ƙwallo ya sake zama labarin shafin farko.

Saboda haka ina da magana ga ɓangarori biyu. Ga malamanmu, ina roƙon su daina koya wa ɗalibai cewa aikin lardi matakala ce da ake takawa a wuce. A sa su su karanta yadda aka ba da labarin Hillsborough a Landan da yadda aka ba da shi a Libaful, gefe da gefe, su ga da idonsu abin da nisa yake yi wa gaskiya. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, masu iya lissafa 'yan wasan Libaful har da na benci, ina da tambaya. Kano Pillars ta ci gasar ƙasar nan a 2008, ta kuma ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. In jikanku ya nemi cikakken labarin waɗannan wasanni, mako bayan mako, a ina za ku nuna masa? In kuma, Allah ya kiyaye, wata rana ƙofa ta rufe a kan jama'a a ɗaya daga cikin filayenmu, hukuma ta ce laifin 'yan kallo ne, wa zai bi gida-gida ya rubuta sunayen, wa zai ce a kawo hujja, wa zai zauna a kotu shekara biyu? Iyalan Hillsborough sun matsa har a Satumba 2025 gwamnatin Birtaniya ta gabatar wa majalisa ƙudurin dokar da za ta tilasta wa jami'an hukuma faɗin gaskiya a gaban bincike. Ba su kai nan don sun fi kowa ƙarfi ba, sun kai ne don maganarsu ba ta taɓa ɓacewa daga takarda ba.

Wanda ya raina jaridar garinsu, ranar da aka yi masa ƙazafi zai nemi mai shaida ya rasa. Allah ya ba mu 'yan jarida masu zama cikin mutanensu, ya kuma ba mu masu karatu da za su san darajarsu tun suna nan. Amin.